Gashin Lauza a Tafin Hannuna

Tun da na dawo daga Umara ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a wajen mai niƙa, sai an tare ni: Malama Hadiza, yaya Makka? Da na buɗe baki kuma sai wata ta katse ni, wai ta ji an ce renon ɓera na je yi. To ba ɓera ba ne, kuma na gaji da gyara wa mutane zance. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata ta karanta da kanta.

A watan Rajab na shekarar 2016 na yi tafiyar, kuma abu biyu suka kai ni. Na farko ibada. Na biyu saƙon Inna, mahaifiyarmu. Yayana Sani ya tafi Makka karatu tun ina sakandare, ya auri Zainab, haifaffiyar can, wadda kakanninta suka je Hajji daga Sakkwato suka yi zamansu. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Asma'u. Sau biyu kacal ya zo gida cikin shekara talatin, kuma shi kaɗai. Wata bakwai kafin tafiyata ya rasu. Inna ta haura tamanin, ba ta taɓa ɗora ido a kan jikarta ba. Ranar da zan tafi ta riƙe min hannu ta ce, "Ki taho min da alƙawarin yarinyar nan. Ko mako ɗaya ne ta zo in gan ta kafin a kira ni." Na ce ta ɗauka an gama. Ni da nake tanƙwara 'yan mata sittin a aji ɗaya, ban ga yadda yarinya guda za ta gagare ni ba.

Daga Malumfashi muka kama hanyar Kano da sassafe, mata goma sha huɗu da jagoranmu. Ba mu kai Gwarzo ba taya ta fashe, muka zube a gindin darbejiya muna cin ƙosai. A nan na saba da Hajiya Talatu, mai sayar da atamfa, wadda wannan ce Umararta ta bakwai. Babu abin da ba ta sani ba, kuma ba ta yarda wani ya riga ta faɗa. Ita ta sa na sake naɗe tsarabar Inna: kuka, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, da daddawa cikin leda uku.

A filin jirgin Jidda na'urar ɗaukar yatsu ce ta fara ƙi na. Allin shekara ashirin da lallen da na sha sun shafe zanen yatsuna, jami'in ya yi ta danna min hannu abu ya ƙi. Hajiya Talatu ta leƙo ta bayana ta ce in goga yatsun a goshi. Na goga, maiƙon ya yi aiki, aka buga min hatimi. Sai wajen binciken kaya. Wani saurayi ya zuge jakata, ya kwance leda ta farko, ya kwance ta biyu, ya ja da baya yana toshe hanci. Ya yafito abokin aikinsa, wani dogon baƙin mutum. Wannan ya sunsuna, ya dube ni, ya tambaye ni da Hausa tsaf ko ta kalwa ce ko ta waken suya. Ashe kakarsa 'yar Zariya ce. Da hannunsa ya ɗaure min ledar.

Zancen Harami ba zan tsawaita ba, don ba ni da bakin faɗarsa. Ana ta aikin faɗaɗa masallaci, ko'ina ƙarafa da shinge, muka yi ta zagaye kafin mu sami ƙofa. Da na ga Ka'aba duk addu'ar da na haddace a jirgi ta gudu ta bar ni, sai kuka. Na yi wa Yaya Sani addu'a, na yi wa Inna. Takalmina kuma har yau ban san wadda ta tafi da shi ba.

Kwana huɗu na yi da ayarinmu a masauki, sannan ƙanen Zainab ya zo ya ɗauke ni zuwa Ka'akiyya, unguwar da suke can gefen gari. Gidan bene ne, su suna hawa na biyu. Babu tsakar gida, babu zaure, ƙofa kullum a rufe, maƙwabciya ma sai ta bugo waya kafin ta shigo. Zainab ta rungume ni muka yi kukanmu na ta'aziyya. Sannan ta kawo dabino da gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi. Ina shanyewa ta ƙara, ina shanyewa ta ƙara. Ni ina jin kunyar in ƙi, ita tana jin kunyar ta daina. Sai a kofi na takwas ta gane ban san ana girgiza kofin in an ƙoshi ba.

Bayan La'asar Asma'u ta dawo daga kantin maganin da take aiki. Doguwa ce, shekararta ashirin da huɗu, kuma goshin Yaya Sani sak. Ta sumbaci kaina kamar yadda suke yi wa manya, ta kira ni "Ammati", wato gwaggona, ta zauna can nesa. Hausarta tana nan amma a tsinke, rabi Larabci. Ni kuwa ko hijabi ban cire ba na sauke mata saƙon Inna, da muryar da nake kiran sunayen ɗalibai. Har watan da za ta zo na yanka mata.

Ta saurara har na gama. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, Ammati," ta ce. "Ba zan iya ba. Ba na barin Lauza."

Na dubi Zainab, don na ɗauka wata jinjira ce ba a gaya mana ba. Zainab ta sunkuyar da kai. Asma'u ta tashi ta ce in biyo ta.

Ɗakin da ta buɗe sanyinsa har cikin ƙashi. Esi, wanda suke kira mukayyif, ba a kashe shi dare da rana. A kusurwa akwai keji mai hawa uku, ya kusa kai min kafaɗa. A kan katakon sama wata aba ce toka-toka a dunƙule, ta fi gafiya girma, ba ta kai zomo ba. Kunnuwa faffaɗa, gashin baki dogaye, idanu baƙi ƙirin, wutsiya irin ta kurege. Shinshila ake ce mata, asalinta daga duwatsu masu sanyi na Kudancin Amurka, kuma zafi kashe ta yake yi. Tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce ko ana ci. Kallon da yarinyar nan ta yi min, ko shugabar makarantarmu ba ta taɓa yi min irinsa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Tsohuwa tana can tana ƙirga kwanaki, a ce dabba ta fi ta? Amma ni mutum ce mai son sanin ƙwaƙwaf, kuma abar ta ɗaure min kai. Duk yini barci take, sai rana ta faɗi ta farka. Ba a yi mata wanka da ruwa, wai gashinta ya cika kauri, in ya jiƙe ba ya bushewa. Wani gari mai laushi kamar toka ake zuba mata a kwano, ta faɗa ciki ta yi ta birgima, ta fito tana kakkaɓe gashin baki. Na ce wa Zainab ashe a Makka har dabbobi sun iya taimama. Ta yi dariya, amma daga bakin ƙofa, don ita tsoron abar take ji, ko ɗakin ba ta shiga.

Kashegari bayan mun karya da ful da tamis, wato wake da gurasarsu mai faɗi, Asma'u ta tafi aiki. Na zauna ina saƙe-saƙe. Na yi kiwon zomaye shekara goma a bayan ɗakina. In na nuna wa yarinyar nan cewa kowa ma zai iya riƙe abar nan ya ba ta abinci, ai hujjarta ta faɗi. Na shiga ɗakin, na buɗe kejin, na kai hannu zan kama kunnuwanta kamar yadda muke ɗaukar zomo. Ta zille. Na cafko fatar bayanta. Sai na ji hannuna ya yi sakayau. Lauza tana can ƙuryar keji, ni kuma tafin hannuna cike da gashi mai laushin da ban taɓa taɓa irinsa ba. A bayanta ga fili nan fari fat, kamar faɗin kwalbar turare.

Kafin in dawo hayyacina ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta yi wani kuka kamar haushin ɗan kwikwiyo, ta feso min fitsari a gaban hijabi. Na rufe kejin. Gashin kuma na tura shi cikin ƙaramar jakata, kamar ɗalibar da aka kusa kamawa da takardar satar amsa.

Da Asma'u ta dawo ta shiga ɗakin, ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito ba ta tambayi kowa komai ba. Ta murɗa makulli, ta zare shi, ta wuce ɗakinta. Ko abincin dare ba ta ci da mu ba. Na san na ɓata saƙon Inna da hannuna, ga shi saura kwana bakwai in tafi.

A kicin Zainab ta ba ni labarin da ya kamata in nema tun farko. Shekara biyu Yaya Sani ya yi yana ciwon ƙoda, sau uku a mako ana kai shi wankin jini. Da ya daina fita, Asma'u ta sayo masa Lauza don ta ɗebe masa kewa. A ɗakin nan yake zama daga Magariba zuwa Isha, ita a kan kafaɗarsa, yana karatunsa. Da ya rasu abar ta ƙi cin abinci, ta dinga tsige gashin jikinta da haƙora. Asma'u ce ta yi ta ɗura mata abinci da sirinji har ta dawo. "Kuma Hadiza," in ji Zainab, tana kallon tukunya, "shekara biyun nan ba wanda ya zo daga gida. Ni na san halin tafiya. Ita ba ta sani ba."

Gaskiya ce, waya kawai muke bugawa, mu ce Allah ya ƙara sauƙi.

Da asuba bayan salla na ƙwanƙwasa ɗakinta. Na ciro gashin na ajiye mata a kan gado, na ce ni ce, na kuma faɗi dalilin da ya sa na yi. Rabon da in ba ƙaramar yarinya haƙuri har na manta. Ta ɗauki gashin tana murzawa. Ta ce gashin zai fito, haka suke yi in an cafke su, suna sakin gashi su tsere, don a can duwatsunsu duk abin da ya zo ta sama ya damƙe su to mai cin su ne. Abin da ba ya dawowa da wuri shi ne yarda. Na tambaye ta ko akwai yadda za a yi. Ta ce akwai, amma ba ta ga alamar zan iya ba: in zauna a ƙasa, kada in miƙa hannu, kada in ɗaga murya.

Haka na koma ɗaliba. Kullum bayan Magariba sai mu shiga, ni lulluɓe da bargo a tsakiyar zafin Makka, ta buɗe kejin mu zauna. Ranar farko Lauza tana ganina ta kwantar da kunnuwa baya, ta riƙa kaɗa haƙora, ƙat-ƙat-ƙat. Asma'u ta ce wannan gargaɗi ne, ma'anarsa a matsa. Na matsa. Rana ta biyu ta fito amma ta zagaye ni ta nesa, ta tsaya cak tana kaɗa gashin baki wajena, tana karanta ni. Da na yi tari ta ruga bayan keji ta yi haushin nan nata sau biyar a jere, irin na sanar da 'yan'uwa cewa ga haɗari, ko da yake ba ta da kowa a ɗakin sai mu.

Tambayoyi kuwa na yi su har na ba kaina kunya, cikin raɗa. Me ya sa take gurgurar katako? Haƙoranta ba sa daina tsiro, sai ta rage su. Me ya sa kullum Asma'u take duba kunnuwanta? In suka yi ja, zafi ya kama ta, a ƙara sanyi maza. Rana ta uku na ga ta daka tsalle sama ba gaira ba dalili, ta murɗa jiki, ta bugi bango da ƙafa ta dawo. Na zabura, na ɗauka aljanu ne ko farfaɗiya. Asma'u ta toshe baki tana dariya, karon farko da na ji dariyarta. Ta ce murna ce. In ta hau hannunka kuma tana ɗan tattauna yatsanka a hankali ba cizo ba ne, gyara take yi maka, kamar yadda suke yi wa junansu.

A zaman nan ne yarinyar ta fara magana, ba tare da na tambaya ba. Ta nuna min matashin da babanta yake jingina da shi. Ta ce har ya rasu bai saba da shinkafar kabsa ba, kullum zancensa tuwon dawa miyar kuka na Inna. Ta ce yana ba ta labarin rijiyar gidanmu da ya taɓa faɗawa, na ce ai ni na kwarma ihu aka ciro shi. Ta juyo gaba ɗaya ta ce in faɗa mata daga farko. Na lura in na yi shiru ta fi matsowa, abin da ban taɓa gwadawa a aji ba.

Rana ta biyar tana taya ni kwance tsaraba ta ga zoɓo. Ta ce busasshen zoɓo yana cikin 'yan abubuwan da ake ɗan ba su na marmari, guda ɗaya, ba kullum ba. Da Magariba ta ɗora min ɗaya a tafin hannu, na shimfiɗa hannun a kan gwiwa. Na fi minti ashirin a haka, ƙafata ta yi tsami. Lauza ta zo, ta koma, ta sake zuwa. Sannan ta ɗora 'yan hannayenta masu sanyi a kan yatsana, ta ɗauki zoɓon, ta zauna a nan kan gwiwata ta riƙe shi da hannu biyu tana ci. Ina kallon filin nan na bayanta, hawaye suka zubo min, ban ko iya sharewa ba don kada in motsa. Asma'u ta ɗauke mu bidiyo a wayata, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ana gobe zan tafi na sake tayar da zancen Inna, wannan karon a hankali. Na ce ba umarni ba ne, roƙo ne. Ta shafa Lauza a ƙarƙashin haɓa.

"Ammati, ina so in ga kakata, wallahi. Amma kin gani da idonki. Kwana biyar kafin ta karɓi abu ɗaya a hannunki. Ummi ba ta shiga ɗakin. Ba a kai ta Najeriya, zafi zai kashe ta a hanya. In na tafi na dawo na tarar ta mutu fa? Ita kaɗai ta rage da take jiran Baba da Magariba."

Na tambayi shekara nawa suke yi a duniya. Ta ce suna haura goma, wasu har kusan ashirin. Lauza shekararta uku. Na yi lissafin shekarun Inna a zuciyata. Da a ce ranar da na sauka ne, da na yi mata tatas. A wannan ranar kuwa na kasa ganin laifinta, kuma na kasa ganin abin da zan je in faɗa a gida.

Ɗawafin bankwana na yi shi da nauyin zuciya. A jirgi Hajiya Talatu ta ba ni shawara in ce wa Inna yarinyar tana nan tafe bayan Babbar Salla, tsofaffi da rai ake lallaɓa su. Har Kano ina juya shawarar. Daga Kano zuwa Malumfashi na haddace ƙaryar tsaf.

Na sami Inna a kan tabarmarta, ɗaki cike da 'yan sannu da zuwa. Ta bari aka sha zamzam, aka raba dabino, aka watse. Sannan ta ce, "To?" Na kasa faɗar ƙaryar nan. Na faɗa mata gaskiya duka, har da gashin da na tsige, har da maganar cewa ba wanda ya je lokacin ciwon. Na miƙa mata wayar. Ta kai ta dab da idonta, ta kalli abar a kan gwiwata, ta ji dariyar Asma'u a bayan hoton. Ta sa na maimaita mata sau uku. Ta nuna matashin da ke jikin bango ta tambaya ko a nan yake zama. Na ce a nan ne.

Inna sau ɗaya ta taɓa hawa jirgi, lokacin Hajjinta da Baba tun muna yara, kuma tun daga ranar ta ce ita da shi har abada. Gwiwoyinta yanzu ko zaure ba sa kai ta sai da sanda. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa wataƙila nan gaba Zainab za ta saba da abar. Ta ɗaga min hannu.

"Dabba ba ta iya zuwa, yarinya ba ta iya barinta," ta ce. "To ni ba a keji nake ba. Ki kira min ƙanenki Habu, ya kai ni Katsina ranar Litinin a yi min fasfo."